Ciniki da Ido Rufe a Birnin Tarmasan

Da sunan Allah nake buɗe baki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa babu zare, Ya rataya sama babu igiya, Ya ba kowane hannu sana'arsa. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta. Bayan haka, ku gyara zama ku saurara. Ni ne Nomau ɗan Barau, dillalin kasuwar Rafin Gora. Karatuna bai wuce izu biyar ba, don haka kada wani ya jira ƙawar magana daga bakina. Abin da ido ya gani da abin da hannu ya taɓa, su kaɗai zan faɗa.

Shekara talatin ina dillanci, kuma makamina guda ne: kushe. Kawo mini doki, in nuna maka ɗingishin da mai shi bai taɓa gani ba. Kawo mini zane, in ɗaga shi ga rana in ja tsaki, sai ka ji kunyar fitowa da shi. Da haka nake karya farashi, da haka na ci abinci, ban kuwa taɓa ganin laifin abin ba.

Matata Yalwa ta yi jinya wata bakwai. Ciwo ya cinye namanta har tabarma ta riƙa cin ƙashinta. Ana nan sai wani bafatake ya sauka garinmu da darduma guda ɗaya ta ƙasar Tarmasan, labarin laushinta ya shiga gidaje. Yalwa ta ce, "Malam, da za ka samo mini ita, da ko barcin yini ɗaya na yi." Na je na ga darduma. Wallahi ta yi kyau. Amma hali ya rinjaye ni. Na kushe ta, na yi tayin wulaƙanci, na juya na tafi ina jiran ya biyo ni da sallama, yadda aka saba biyo ni. Bai biyo ni ba. Gari na wayewa ya ɗaure kayansa ya wuce. Kwana tara bayan haka Yalwa ta rasu a kan tabarma.

Mahaifiyarta, Inna Tabawa, tsohuwa ce makauniya, a gidana take zaune. Ranar sadakar bakwai ta naɗe tabarmarta ta jingine, ta zauna a tsurar ƙasa. Na tuɓe takalmi na durƙusa daga bakin ƙofa yadda suruki ke yi, na gaishe ta. Sai ta juya fuska ga bango ta ce, "A gaya wa dillali, ba na ƙara zama ko kwanciya a kan komai, sai a kan abin da yarinyar nan ta roƙa aka hana ta."

Damina ta sauka, ƙasa ta yi danshi, tari ya kama tsohuwa, ba ta motsa daga maganarta ba. Na san in ta daɗe a haka, na kashe uwa bayan 'ya. Na sayar da gonata, na sayi jar fata goma sha biyu, aikin majeman garinmu, domin an ce ita mutanen Tarmasan ke so. Na bar Inna a hannun ƙanwata, na ɗora wa jaki kaya, na bi ayarin Madugu Jatau.

Mun yi kwana arba'in kafin mu kai Tekun Gishiri, wanda babu ruwa a cikinsa ko ɗigo, sai farin ɓawo da ke ƙara ƙarƙashin kofato. A can rana biyu ce, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Kowace safiya mukan sa kwalli, mu sa wa jakuna, domin duk dabbar da ba a sa wa ba takan makance kafin azahar. Jakina da kwalli a ido ya fi wasu amare kyau, har Madugu ya ce in an kai gari zai kai masa kuɗin gaisuwa.

Bayan gishiri sai duwatsu, kuma hanya guda ce ta ratsa su, wani kwazazzabo mai tsawon rabin yini. A bakinsa muka ji inuwa ta rufe mu. Tsuntsaye ne, kowanne ya kai girman maraƙi, waɗanda ke yi wa sheƙarsu shimfiɗa da duk abin da yake ja. Madugu ya manta bai gaya mini ba. Kafin in ankara sun yage mangalata, fatu huɗu sun tashi sama ina kallo. Na faɗa kan sauran na rufe su da baƙin bargona, amma sun riga sun gani, suna ta kewaya mu. Sai na cire jar hulata ta dara, na cusa mata dutse mai nauyin da hannu biyu ke ɗauka da ƙyar, na ɗaure da igiya, na mirgina ta gangare. Suka bi ta gaba ɗaya. Wannan ya ɗaga ta faɗi, wancan ya ɗaga ta faɗi, suka koma tsattsagar juna. Muka kora jakuna muka wuce, kaina a buɗe, fatu takwas a ƙarƙashin bargo.

Da muka gangara ɗaya gefen, sai na ga abin da ya sa na tsaya baki buɗe. Tuddai ne jere, kowanne da irin furensa, kuma tumakin da ke kiwo a kan kowane tudu gashinsu ya ɗauki launin furen. Ga garke shuɗi kamar an tsamo shi daga marina, ga garke ruwan ƙwai, ga wani kore shar. Makiyaya na tsaye a kan iyaka da sanduna, domin in tunkiya ta ƙetare ta ci furen maƙwabta sai ta fito da dabbare-dabbare, kuma irin wannan ulu na yara ne da masu koyo.

Birnin Tarmasan kuwa kunne ke fara shigarsa kafin ido. Tun daga nesa kake jin bugun katakon da masaƙa ke danne zare da shi, dubbai a lokaci guda, kamar ana daka a gidan biki. Madugu ya ce da mu, "Kwana bakwai za mu yi. Rana ta takwas dusar ƙanƙara za ta rufe kwazazzabo, ba ya buɗewa sai bayan wata takwas. Wanda bai shirya ba, Allah Ya sada mu."

A zango wani dattijo mai tumbi, sanye da rigar ulu irin tasu, ya ji muna Hausa, ya rugo ya riƙe hannuna.

"Bawan Allah, kafin gaisuwa, kana da goro?"

Na ba shi wani busasshe da ya rage a aljihu. Ya tauna har da hawaye. Sunansa Ɗantani, mutumin ƙasarmu ne, shi ke tafinta tsakanin fatake da masaƙa. Da na gaya masa darduma na zo saye, ya ce, "To zauna in gaya maka dokar kasuwar nan."

Na ce, "Ni za ka koya wa kasuwa? Ina cikinta tun kafin ka yi gemu. Kai dai ka juya magana."

Ya ce, "Haka ni ma na ce. Mu je."

Ya kai ni rumfar shugabar masaƙa, wata tsohuwa gajeruwa mai suna Ilzana, wadda yatsunta suka lanƙwashe kamar saiwar itace. Ta zaunar da mu, ta ba mu ruwan zafi mai ƙamshin ganye, ta shimfiɗa wata darduma. Zuciyata ta buga, amma fuskar dillali ba ta nuna. Na kama gefe da yatsa biyu, na ɗaga, na yamutsa fuska.

"Gaya mata wannan launi zai zuba a wankin farko. Gefen ma a karkace yake."

Ɗantani ya ce, "Ba zan faɗa ba."

Sai na ja tsaki. Tsaki kuwa ba ya bukatar tafinta.

Ilzana ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙe, ta kama kunnuwan dardumar biyu, ta kife ta. Maƙwabciyarta ta gani ta kife tata. Na ji abin yana tafiya, fab, fab, fab, daga rumfa zuwa rumfa har ƙarshen kasuwa. Bugun masaƙa ya tsaya cak. Duk inda na juya, bayan darduma nake gani.

Ɗantani ya ja ni waje yana dariya har yana riƙe ciki. "Sannu, sarkin dillalai! A nan mai saye shi ke yabo, mai kaya shi ke kushe abinsa. Duk yabon gaskiya da ka yi, ka ƙara farashi. Duk aibin gaskiya da ta faɗa, ta rage. Inda kuka gaji, nan ciniki ya faɗa. Wanda ya kushe aikin hannun wani kuwa, ba ya sake ganin fuskar darduma sai shekara ta zagayo."

Na ce, "Shekara?"

"Ka gan ni nan? Tsaki ɗaya na yi, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ina jiran wa'adi ya cika na yi aure. Tsaki ɗaya, 'ya'ya huɗu."

Ban yi dariya ba. Tarin Inna nake ji a kunnena.

Kwana biyu ina yawo cikin gari, dardumomi na kifewa a gabana kamar ana guje wa annoba. Na kai fatu biyu ga wani ɗan kasuwa a ɓoye, ya mayar mini yana kallona da tausayi. A rana ta uku gajiya ta zaunar da ni bayan wata masaƙa, wajen da ba a ganin komai sai bayan aiki. Ba wanda ya kore ni. Mata uku ne ke saƙa, ɗaya na rera sunayen launi, biyu na amsawa da hannu. Kowane zare sai an naɗa shi, an ƙulla, an yanke, an danne. Daga hantsi zuwa la'asar abin da suka ƙara bai wuce faɗin yatsa biyu ba. Na yi musu alama in gwada. Ƙulli goma na yi, bakwai suka kwance, zare ya tsaga mini yatsa, suka yi ta dariya har ɗaya ta faɗi daga kan kujera. Sa'an nan ta ɗaure mini yatsan da ulu.

Na koma rana ta huɗu da ta biyar. Tun da an hana ni fuska, sai na koyi baya. Na gane ƙullin gaggawa da ƙullin haƙuri. Na gane inda aka sauya hannu, da inda mai saƙa ta tashi ta ba yaro nono ta dawo. Shekara talatin ina taɓa aikin mutane, ban taɓa tambayar kwana nawa ya ci ba.

Rana ta shida da safe na ce da Ɗantani, "Doka ta ce kada in ga fuska. Ta ce kada in saya?"

Ya daina tauna. "Ba ta ce ba. Amma wa ke sayen darduma bai gani ba?"

Na kwance rawanin da na ara wurin Madugu, na naɗe idona da shi ninki uku, na tuɓe takalmi. Ɗantani ya riƙe mini hannu, jaki na biye, muka ratsa kasuwa. Ina jin mutane na taruwa a bayanmu. A rumfar Ilzana na durƙusa na ce, "Gaya wa uwar masaƙa, idon da ya yi mata rashin kunya na ɗaure shi. Hannu da ƙafa na kawo, su ba su yi laifi ba."

Sai na ji ta yi 'yar dariya ta hanci, na ji an ja wani abu mai nauyi an shimfiɗa. Ɗantani ya raɗa mini, "Ba waccan ba ce. Wannan daga cikin ɗaki ta fito da ita. Ka yi yabo a hankali, fatu takwas gare ka."

Na taka. Na ce, "Ƙafa na nutsewa kamar a garin da aka tankaɗe, in ka ɗaga kuma sai ya biyo ka ya cike gurbin." Aka ɗauki fata ɗaya aka ajiye gabanta. Na shafa gefe na ce, "An yi masa ɗinki biyu, duga-dugan tsoho ba za su zare shi ba." Fata ta biyu. Na rarrafa tsakiya na ce, "An ƙara kauri daidai inda gwiwa da goshi ke sauka. Mai wannan aiki ta san ciwon gwiwa." Ta uku. Na sunkuya na shaƙa, na ce an turara ulun da wani itace, ƙwaro ba zai kusance shi ba. Ta huɗu.

Sai Ilzana ta karɓi magana, ta fara kushe kayanta. Ɗantani na juya mini: kusurwar hagu ta fi ta dama ƙanƙanta da rabin yatsa. Na auna da hannu, haka ne. Aka mayar mini da fata ɗaya. Gezar ƙasa ba ta daidaita ba. Aka mayar da wata. Ban taɓa jin mai kaya na tonon asirin kayansa da irin wannan natsuwa ba. Sa'an nan ta kama hannuna da yatsunta masu kaushi, ta ɗora shi a wani wuri kusa da ƙarshe. Faɗin tafin hannu ne, ƙullinsa ya yi tauri kamar tsakuwa.

Ɗantani ya sassauta murya. "Ta ce wannan ne babban aibin. Ta saƙa shi a watan da ɗanta ya rasu. Hannunta ya riƙa jan zare fiye da kima, ba ta sani ba sai da ta wuce wurin. Ta ce a mayar maka da fatu biyu."

Na bar hannuna a wurin. Na ce, "Gaya mata ban karɓi wannan a aibi ba. Duk wanda ya yi rashi, nan hannunsa zai riƙa komawa. A ƙara fata."

Ɗantani ya mintsine ni. "Kai wane irin dillali ne? Tana rage maka kana ƙarawa!"

"Juya magana, Ɗantani."

Ya juya. Can sai na ji hannun Ilzana a bayan kaina tana kwance rawani. Ta ɗage mini hukunci.

Da ma ba ta ɗage ba. Jama'a, na ga darduma! Tsakiyarta shuɗi ne mai zurfi irin na rijiyar da ba a ganin ƙasanta, daga cikinsa itace ya taso, kowane reshe da irin 'ya'yansa, kuma babu ganye biyu masu kore iri ɗaya. A gefe barewa ce ke shan ruwa, inuwarta a cikin ruwan ta fi ta haske kaɗan. In ka matsa dama itacen na cikin hantsi, in ka matsa hagu ya koma na yamma. Bakina ya ɓalle. Na yabi shuɗin, na yabi barewa, na yabi inuwar barewa, na yabi wani ɗan tsuntsu da ya ɓuya bayan ganye. Ɗantani na juyawa yana taka mini ƙafa, ni ban ma ji ba. Da na tsaya shan numfashi sai na ga fatu takwas duk suna gabanta, an kamo igiyar jakina an ɗora, an ɗora bargo da takalmi, har yanzu da saura.

Ɗantani ya riƙe kai. "Ka kashe kanka. Yabo in ya fita ba ya komawa. Wanda bakinsa ya yabi abin da hannunsa bai iya biya, zama yake yi ya wanke ulu har ya cika. Naka zai kai shekara uku. Bari in fara nema maka mata."

Na zauna a ƙasa, ban san sa'ad da hawaye ya zubo ba. Ilzana ta dube ni, ta tambayi wane ne zai zauna a kan dardumar. Na gaya mata komai, ban rage ba: bafatake, tayin wulaƙanci, kwana tara, da tsohuwar da ke tari a tsurar ƙasa.

Ta ce, "Tsohuwar tana gani?"

Na ce, "Shekara goma rabonta da haske."

Ta juya ga jama'a ta yi magana da ƙarfi, Ɗantani na bi da sauri. Ta ce a Tarmasan ba a karɓar kuɗin abin da mai darduma ba zai amfana da shi ba. Mai wannan darduma makauniya ce, ba za ta ga shuɗi ba, ba za ta ga barewa ba. Don haka yabon hannu da ƙafa da hanci shi ne ciniki, yabon ido ya fita daga ciki. Ta ɗauki fatu uku, ta tura mini sauran da ƙafa, ta miƙo igiyar jaki.

Sa'an nan ta nuna ni da lanƙwasasshen yatsa ta ƙara wata magana, kasuwa ta fashe da dariya. Na ce, "Me ta ce?"

"Ta ce shekara arba'in tana saƙa, ba wanda ya taɓa ganin tsuntsun nan sai kai. Ta ce mutum da irin wannan ido ya ɓata shekara talatin yana tsaki, ya kamata a yi masa bulala."

Mun fita kwazazzabo dusar farko na sauka a bayanmu, dardumar naɗe cikin baƙin bargo saboda tsuntsaye. Ɗantani ya raka mu har bakin dutse, ya ce in na sake zuwa babu huhun goro kada in gaishe shi.

Wata uku bayan haka na shiga Rafin Gora da hantsi. Ƙanwata ta tare ni a zaure ta ce, "Tana nan, amma sai a hankali." Na same ta inda na bar ta, ta rame har zanenta ya yi mata yawa. Na tuɓe takalmi na durƙusa a bakin ƙofa, na yi sallama, na warware darduma na tura ta ciki har gezarta ta taɓa ƙafarta.

Sa'an nan ta miƙa hannu. Ta shafa gefe, ta shafa tsakiya, ta sunkuya ta shaƙa. Hannunta ya yi ta tafiya har ya kai wurin nan mai tauri, sai ya tsaya.

Ta ce, "Mai wannan saƙa, wa ta rasa?"

Na ce, "Ɗanta, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ta dafa ƙasa, ta ja jiki a hankali, ta hau. Na ji ta sauke wani dogon numfashi. Na yunƙura zan ja da baya in bar mata ɗaki, sai ta bubbuga wurin da ke kusa da ita.

"Nomau, akwai wuri."

Na ce, "Inna, ai ni suruki ne."

Ta ce, "Wadda ta sa muke kunyar juna ta tafi. Hau ka zauna. An ce dardumar Tarmasan da zane a jikinta, ni kuwa ba ni da ido. Kai za ka faɗa mini, kuma kada ka rage komai."

Na hau na zauna. Na kama hannunta na ɗora a kan barewa, na fara daga nan.

Iyakar abin da ya same ni ke nan. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa albarka a hannun masu aiki.